Canjin jami'a ko DE, hostel ko haya: lissafin da ake yi kafin a ɗaure kaya

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya kira ni, muryarsa har rawa take yi don murna. "Kawu, sun ɗauke ni! Aji biyu suka ba ni." A lokacin ya gama aji biyu a wata jami'a mai zaman kanta, kasuwar mahaifinsa ta ja baya, kuɗin makaranta ya gagara, aka shiga nema masa canji zuwa jami'ar gwamnati. Na yi masa barka, na sa masa albarka, sannan na tambaye shi abu biyu: kwas nawa suka yarda su ɗauke maka cikin waɗanda ka riga ka ci, kuma a ina za ka riƙa kwana? Sai wayar ta yi tsit. Duk biyun bai tambaya ba. Mu ma manya da muka yi ta zirga-zirgar takardu ba mu tambaya ba.

Sati bakwai yaron nan ya yi yana shimfiɗa 'yar katifa tsakanin gadaje biyu a ɗakin wani ɗan unguwarsu. Da asuba ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin gado, jakar kayansa a saman kabad ɗin wani, in an ce masu duba ɗakuna na tafe ya sulale ya koma masallaci har sai sun wuce. Tun daga nan, duk wanda ya zo mini da maganar canjin makaranta sai na zaunar da shi mun ƙirga shekaru, mun kuma yi maganar gado, kafin a je ga sunan jami'ar da ake hanƙoro.

Ƙofa uku ce ɗalibi ke iya bi ya koma wata jami'a a Najeriya. Akwai canji, wanda ɗalibai ke kira tiransifa. Akwai shiga kai tsaye, wato DE. Akwai kuma sake zana UTME, wato jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, a faro daga aji ɗaya. Mutane kan haɗa biyun farko su ɗauka abu guda ne, tunda duka a aji biyu aka fi sauke mutum, alhali tafiyarsu ta sha bamban tun daga tushe.

DE tana da lokacinta da fom ɗinta. JAMB ce ke sayar da shi kowace shekara, jami'a kuma ta san za ta ɗauki 'yan DE, ta ware musu gurbi. Abin da ake nema shi ne shaidar karatun gaba da sakandare da aka kammala: difloma ta ND ko HND, ko NCE, ko sakamakon IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko JUPEB. Wanda ya shigo ta nan sabon ɗalibi ne a idon jami'a. Da shi ake rantsar da sababbi, da shi ake zagayen nuna musu makaranta, sunansa na fita a jeri ɗaya da na abokan shigarsa, kuma a wurare da yawa yana cikin waɗanda ake fara duba wa wurin kwana.

Canji kuwa roƙo ne. Babu jami'ar da aka wajabta wa karɓar ɗalibin wata. Kai ne za ka nemi fom a makarantar da kake son komawa, tsohuwar makarantarka ta aika da tiranskirif ɗinka, wato takardar makin duk kwasa-kwasan da ka yi, kai tsaye, ofis zuwa ofis, tare da shaidar cewa ba korar ka aka yi ba. Sashen da kake nema ya zauna ya duba, tsangaya ta duba, majalisar jami'a ta sa hannu. A kowane mataki ana iya cewa babu gurbi, magana ta ƙare. A fannonin da hukumomin sana'a suka ƙayyade wa adadin ɗalibai abin ya fi tsauri: likitanci yana ƙarƙashin ƙa'idar hukumar likitoci ta MDCN, karatun lauya yana ƙarƙashin majalisar kula da ilimin shari'a, haka aikin jinya da haɗa magunguna kowanne da hukumarsa. Shugaban sashe zai iya tausaya maka da zuciya ɗaya, amma in adadinsa ya cika ba shi da yadda zai yi. Kuma za a sake duba sakamakonka na WAEC ko NECO, kiredit biyar da Turanci da Lissafi, kamar yau ka fara neman shiga. Wasu ma sukan koma su duba makin da ka ci a UTME tun farko, ko ya kai abin da su suke ɗauka a wannan kwas ɗin.

To wace ta fi? Ya danganta da inda ɗalibi yake tsaye yau.

Wanda ya gama aji ɗaya kawai da sakamako mai kyau, canji ya fi masa komai, domin in an karɓe shi aji biyu bai yi asarar shekara ba. Wanda ya gama aji ɗaya da sakamako mai rauni, ko yake son ya sauya kwas gaba ɗaya, kada ya ɓata lokacinsa a kan canji. Ya sake zana UTME, ko ya yi IJMB na kusan shekara guda ya shigo aji biyu ta DE da tsabtataccen allo. Duka biyun shekara ɗaya za su ci masa, sai dai sun fi zaman jiran amsar da ba ta da rana. Wanda ke riƙe da difloma ko NCE tun kafin ya shiga jami'ar da yake ciki, shi ne mai sa'a, domin DE a buɗe take gare shi, kuma sau da yawa ta fi canji sauri da tabbas. Na ga mai NCE a aljihu yana bin ofisoshi wata shida a kan tiransifa, bai taɓa kawo wa ransa cewa fom ɗin DE zai kai shi aji biyun da yake nema ba.

Mai wahala shi ne wanda ya kai aji uku ko ya doshi huɗu. Yawancin jami'o'i ba sa ba mutum digirinsu sai ya yi aƙalla shekara biyu a wurinsu, kuma da yawa ba sa saukar ɗan canji sama da aji biyu. Ka ga ke nan mai shekara ɗaya a gabansa zai iya komawa mai shekara uku. A nan nakan ce wa iyaye su ɗauko biro. Kuɗin shekara ɗaya da ta rage a makaranta mai tsada, a ajiye shi gefe guda. A ɗaya gefen a tara kuɗin rajista na shekara uku, da abinci, da haya, da mota, da shekara biyu da yaro zai yi bai fara neman na kansa ba. Sau da yawa gwamma a ci bashi, ko dangi su yi karo-karo a ƙarasa shekarar nan ɗaya. A tuna kuma da hidimar ƙasa: wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, takardar yafiya NYSC za ta ba shi, ba zai je sansani ba. Ga wanda ya shiga jami'a a makare, shekara biyun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga inda ɗan yayata ya sha wuya, kuma inda nake ganin kowa ya kamata ya tsaya ya yi naci. An ce an ba ka aji biyu, to da wane kaya a ka? Manhajar jami'o'i ba ɗaya ba ce. Ko a sabon tsarin manhaja na CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, kashi 70 cikin ɗari ne na bai ɗaya, kashi 30 kowace jami'a ita ke tsara nata. Kwas ɗin da ka ci a can mai nauyin kiredit biyu, a nan nauyinsa kiredit uku ne, sai a ce bai wadatar ba. Wani ka yi shi a aji biyu, su a aji ɗaya suke yin sa da wani suna. Shi dai yaronmu sai da ya gama rajista aka miƙo masa takarda mai ɗauke da kwas huɗu na aji ɗaya da zai haɗa da na ajinsa. Biyu daga ciki lokacinsu ya yi karo da laccocin aji biyu, ranar Talata da safe, ɗaya a wannan kusurwar makaranta ɗaya a waccan. Ba wanda ya zalunce shi, ƙa'ida ce aka bi. Mu ne ba mu nemi a rubuta mana jerin abin da aka yafe da abin da ba a yafe ba kafin ya bar tsohuwar makarantar.

A tambaya kuma yadda za a yi da CGPA, wato matsakaicin makin da ɗalibi ya tara tun shigarsa. Wasu jami'o'in sukan ɗauko makin da ka zo da shi su haɗa, wasu kuwa abin da ka yi a wurinsu kaɗai suke ƙirgawa. A ma'aunin maki biyar, daga 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ita ce babbar daraja ta biyu. Wanda ya tara 4.30 a shekara biyu aka ce ya faro daga sifili, ya yi asarar jari. Wanda yake lilo a 2.50 kuwa, sabon allo alheri ne gare shi. Amsa ɗaya ce, amma ta ɗaya daɗi ta ɗaya ɗaci, don haka sai ka san wanne ne kai.

Sai maganar JAMB, wadda ake mantawa da ita har sai ranar da ta tashi. Tun 2017 da aka kawo tsarin CAPS, wato shafin da JAMB ke tabbatar da ɗaukar ɗalibai ta cikinsa, duk shigar da ba ta bi ta nan ba hukumar ba ta san da ita ba, kuma NYSC da kundin JAMB take aiki wajen kiran ɗalibai hidimar ƙasa. Ɗan DE ba shi da wannan damuwa, shigarsa ta hannun JAMB ta biyo. Ɗan canji kuwa sunansa na nan manne da tsohuwar makaranta da tsohon kwas har sai an gyara. A gyara a zangon farko. Wanda ya bari sai ya gama, zai iya zama a gida yana kallon abokansa na tafiya sansani. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ma haka yake: ɗaliban makarantun gwamnati ake ba, da naira 20,000 a wata na ɗawainiya ga wanda ya nema, amma sai lambar JAMB ɗinka ta dace da bayanan da makarantarka ta tura.

Akwai kuma kalanda. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya tarar da na 2020 bai gama warkewa ba, jami'o'i suka warwatse kowace da lokacin buɗewarta. Za ka iya gama shekara a nan ka tarar can suna tsakiyar zango na ɗaya, sai ka zauna watanni. Kada a janye daga tsohuwar makaranta sai takardar sabuwa ta shigo hannu, an kuma san ranar rajista. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

'Ya'yanmu da ke karatu a waje, nasu ya ɗan bambanta. Da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibai ta Masar da Fot Sudan, da yawansu 'yan Arewa ne masu karatun likitanci da addini a Khartum. JAMB ta fitar da tsari na musamman don shigar da su jami'o'in gida, amma abin da ya fi ba su wuya shi ne tiranskirif, tunda makarantar da za ta aiko shi ita kanta a rufe take. Duk mai yaro a waje ya sa shi ya riƙa karɓar sakamakon kowane zango da hatimi yana adanawa. Kuma tun da gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024, jami'o'i sun ƙara sa ido a kan takardun da suka fito daga ƙetare.

Mu dawo kan gado.

Hostel a jami'o'in gwamnati bai isa ba, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda ake raba ɗan abin da ke akwai. Galibi sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe ake fara ba wa, da masu buƙata ta musamman, ragowar kuma a buɗe shafin intanet kowa ya yi rige-rige, cikin ɗan lokaci a ce ya ƙare. Ɗan canji ya faɗa a tsakiya. Ba ya cikin jerin sababbi, bai kai ajin ƙarshe ba, kuma lambar rajistarsa kan fito ne bayan an gama rabo, domin majalisar jami'a ba ta zama don kalandar hostel. Wannan shi ne babban fifikon DE a kan canji da ba a rubuta shi a kowane fom ba.

In an samu gadon, ni hostel nake zaɓa wa ɗan canji a shekararsa ta farko, ko da ɗakin ya cika ya batse. Arha na ciki, domin kuɗin gado na shekara bai kama ƙafar hayar waje ba. Amma babban dalilina wani ne. Ɗan canji yana shiga aji ne da kowa ya riga ya kama abokinsa tun shekarar da ta wuce. Ba ya cikin rukunin WhatsApp na aji, bai san malamin da ke yin gwaji ba sanarwa ba, bai san wanda ke da tsofaffin tambayoyin jarrabawa ba. A hostel ake jin waɗannan, a layin ɗiban ruwa da wurin mai shayi da bayan sallar magariba. Ga ɗakin karatu kusa, mutum ya yi karatun dare ya tako da ƙafa. Aibinsa a fili yake: cunkoso, banɗaki, satar waya da caja, hayaniya, dokar hana girki da hita, da fitar da kowa in an yi hutu. Mai son kaɗaici zai sha wuya.

Ɗakin haya yana ba da abin da hostel ba ya bayarwa: ƙofar da za ka kulle, tukunyarka, lokacin barcinka, da wurin zama ko makaranta na hutu. Ga mai aure, ko mai 'yar sana'a a gefe, ko mai larurar da ke son tsabta da natsuwa, shi ne ya dace. Sai dai kuɗinsa ba a bakin mai gida yake tsayawa ba. Hayar shekara ake biya a dunƙule, ga la'adar dillali, ga katifa da labule da risho ko tukunyar gas, ga ɗan garuwa in rijiyar gidan ta ƙafe da bazara, ga kuɗin wuta ko an kawo ko ba a kawo ba. Sannan mota kullum, wadda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ta zama abin lissafi. Kuma ɗan canji a makare yake zuwa, ɗakunan kirki na kusa da ƙofar makaranta an kama su, sai na nesa ko na tsada.

Kafin a ba dillali ko sisi, a san harabar da tsangayarka take. A Zariya, mai karatun lauya ko harkokin mulki a Kongo yake, mafi yawan sauran suna Samaru inda hostel ɗin Amina da Ribadu da Ɗanfodiyo suke, 'yan asibiti kuma Shika. A Jami'ar Bayero akwai tsohuwar haraba, akwai sabuwa a kan titin Gwarzo, akwai asibitin Malam Aminu Kano a wani ɓangaren gari daban. Ɗaki a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki daidai ne ga ɗan sabuwar haraba, amma ga wanda laccarsa ke asibiti tafiya ce ta kullum. Ɗan canji mai kwasa-kwasan aji ɗaya a wuyansa ma zai iya samun kansa yana da lacca a haraba biyu a rana guda.

Tsaro kuwa, musamman ga 'ya'ya mata, ba na sassauta shi. A Satumbar 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da ɗalibai mata. Bayan 'yan makonni aka yi irinsa a Dutsin-Ma, nan ma a gidan haya na wajen makaranta. Katanga da masu gadi ba su hana ƙaddara, amma a garin da ke bakin daji, in babu gado a ciki kuma babu gidan dangi a tsakiyar gari, ni zan ce a haƙura da wannan canjin a nemi wata makarantar.

Saura hanyoyi biyu da ɗalibai ke bi a ɓoye, sayen gado a hannun wanda aka ba, da raɓewa a ɗakin aboki. Duka biyun laifi ne a dokar yawancin jami'o'i. Wanda ya sayi gado, sunan wani ne a takarda, ranar da aka zo dubawa ba shi da bakin magana, kuɗinsa kuma ya tafi. Ɗan canji da bai gama kafa ƙafarsa ba, bai kamata fayil ɗinsa ya fara da takardar tuhuma ba. Gidan dangi ya fi wannan, in akwai, ko da za a riƙa aiken mutum kasuwa ranar da yake da gwaji. A ɗauke shi na zango ɗaya, a faɗa wa masu gida haka tun farko, a kuma riƙa kai ɗan abin cefane.

Abin da ya fitar da ɗan yayata daga tsakanin gadajen nan shi ne naci. Wani ma'aikaci a ofishin kula da harkokin ɗalibai, dattijo mai furfura, ya ce masa: "Yaro, kullum akwai waɗanda aka ba gado ba su biya ba. In wa'adi ya cika ana kwacewa a sake rabawa. Rubuto takarda, ka haɗa da shaidar canjinka, shugaban sashenku ya sa hannu." Ya rubuta, ya riƙa leƙawa Litinin da Alhamis yana gaishe su. A sati na takwas aka ba shi gadon sama a ɗaki mai mutum shida, kusa da taga.

Bana ƙanwarsa ta gama NCE, ta zo gaishe ni da maganar wata ƙawarta da ta ce ta fara shiga wata jami'a ko wace iri ce, daga baya a yi mata tiransifa zuwa wadda take so. Na ce mata ta jira fom ɗin DE ya fito, ta je ofishin JAMB da asalin takardunta, ranar da sunanta ya fita kuma ta biya kuɗin rajista a ranar, don lambarta ta riga buɗe shafin hostel. Yayanta na gefe yana cin tuwo, ya ɗago kai ya ce: "Ki kuma tambayi harabar da sashenku yake."